Tsanin da Turawa suka jera 'yan Adam a kai

Rubutun wannan karon na tarihi ne, kuma yana da ɗan tsawo, sai a samu wuri a zauna.

Duk wanda zai shiga ƙasar wasu ya ƙwace ta yana buƙatar abu biyu. Na farko ƙarfin ƙwacen. Na biyu maganar da zai faɗa wa mutanen gida idan sun tambaye shi, don kada a kira shi ɗan fashi. A ƙarshen ƙarni na 19 Turawa ba su da matsala da na farkon. Suna da jiragen ruwa masu inji da ke hawa manyan koguna, suna da kwinin da ya rage musu mutuwa daga zazzaɓin cizon sauro, daga 1884 kuma ga bindigar Maxim mai aman ɗaruruwan harsasai a minti guda. Na biyun ne ya so ya zame musu ƙarfen ƙafa. Ingila ta haramta cinikin bayi tun 1807, tana kuma taƙama da hakan. Faransa ta soke bauta a 1848, kirarinta kuwa 'yanci da daidaito da 'yan uwantaka. To masu wannan iƙirari da wane baki za su zauna a birnin Berlin daga 1884 zuwa 1885 suna tsara ƙa'idojin rabon nahiya guda, babu ɗan Afirka ko ɗaya a ɗakin?

Amsar da suka samo ita ce, ai mutanen ba ɗaya ba ne. Kuma suka ce wannan ba son zuciyarsu ba ne, kimiyya ce ta tabbatar.

Raina baƙar fata dai ya girmi wannan kimiyya. Masu gonakin bayi a Amurka sun daɗe suna kafa hujja da labarin da ke cikin littafinsu na la'anar da ta faɗa wa zuriyar Ham ɗan Nuhu, suna cewa baƙaƙe ne zuriyar. Wani likita a birnin Philadelphia, Samuel Morton, ya tara ɗaruruwan ƙoƙunan kan mutane, yana ɗura musu ƙwayoyin iri, daga baya ƙananan dalma, don ya auna girman cikinsu. A 1839 ya fara buga sakamakonsa, Bature a sama, baƙin mutum a ƙasa. Wani Bafaranshe mai suna Gobineau ya rubuta babban littafi tsakanin 1853 da 1855 kan cewa jinsunan mutane ba daidai suke ba. Duk waɗannan sun riga Darwin. Amma tsaninsu a tsaye yake cak, kowa na matakinsa. Abin da aka samu bayan 1859 shi ne motsi, wato dalilin da zai sa na saman ya ture na ƙasan kuma a ce haka ya kamata.

A nan bari in faɗi abu ɗaya in wuce. Ba muhawarar asalin halitta ce ta tara mu ba, wannan fage ne mai malamansa. Abin da ke gabanmu shi ne yadda aka ɗauki magana kan tsuntsaye da tsirrai aka mayar da ita takardar izinin cin ƙasa.

Littafin da Charles Darwin ya fitar a 1859 kusan bai taɓo ɗan Adam ba. Jigonsa shi ne, halittu suna haihuwa fiye da abin da abinci zai ɗauka, don haka akwai gasa, wanda siffarsa ta fi dacewa da muhallinsa shi ke barin zuriya mai yawa, a hankali siffar ta yaɗu. Wani ɗan falsafa, Herbert Spencer, shi ya ƙirƙiro a 1864 taƙaitacciyar jimlar nan da ta shahara, ta cewa mafi dacewa ne ke wanzuwa, Darwin kuma ya karɓe ta daga baya. Matsalar tana cikin kalmar dacewa. A wajen mai nazarin halittu, raƙumi ya dace da hamada, kifi ya dace da ruwa, babu wanda ya fi wani daraja. A bakin ɗan siyasa kuwa kalmar ta rikiɗe ta koma fifiko, mafi dacewa ya zama mafi ƙarfi, mafi ƙarfi ya zama mafi cancanta.

Shi Darwin kansa mutum ne mai fuska biyu a wannan batu, kuma adalci ne a faɗi duka. Ya tsani bauta tun daga gidansu, ya kuma tsaya a kan cewa duk 'yan Adam tushensu ɗaya, a lokacin da wasu masana ke cewa baƙi da fari halittu ne daban daban. Amma a littafinsa na 1871, The Descent of Man, ya yi hasashen cewa nan da wasu ƙarnuka waɗanda ya kira wayayyun jinsuna za su shafe waɗanda ya kira na daji su maye gurbinsu. Bai ce a je a yi ba. Ya faɗe shi ne kamar mai hasashen damina. To ai wannan sanyin muryar shi ne abin da masu mulkin mallaka suka fi buƙata, domin idan abu dokar halitta ne, babu wanda za a tuhuma.

Ɗan uwansa Francis Galton, wanda suka haɗa kaka, bai tsaya ga hasashe ba. Shi ne ya raɗa wa ilimin tace zuriya suna a 1883, wato a ƙarfafa wa waɗanda ake ganin nagari su hayayyafa, a hana sauran. Tun a 1873 ya rubuta wa jaridar The Times ta Landan wasiƙa yana ba da shawarar a kwaso 'yan Chaina a zuba a gabashin Afirka, don su hayayyafa su danne 'yan ƙasa har su ƙare. A Jamus kuma Ernst Haeckel, wanda ya fi kowa yaɗa ra'ayin Darwin a can, ya kasa 'yan Adam gida goma sha biyu, ya jera su daga na kusa da biri zuwa Bature. Waɗannan ba 'yan tasha ba ne. Manyan masana ne da ake ji da su, littattafansu na shiga makarantu.

Misalin da aka fi bugawa a lokacin shi ne tsibirin Tasmaniya da ke kudu da Ostireliya. Turawan Ingila sun fara zama a can a 1803. Cikin shekara talatin, tsakanin harbi da ƙwace wuraren farauta da cututtukan da baƙin suka kawo, dubban 'yan asalin tsibirin suka koma 'yan ɗaruruwa, aka kwashe ragowar aka kai wani ƙaramin tsibiri inda suka ci gaba da mutuwa. A littattafan Turai sai labarin ya koma cewa jinsi ne mai rauni da ya kasa jure haɗuwa da wayewa, ya dushe da kansa. Wata tsohuwa mai suna Truganini, da suka riƙa kira ta ƙarshe a jinsinta (ƙarya ne, zuriyar mutanen na nan har yau), ta roƙi kada a taɓa gawarta. Ta rasu a 1876. Aka tono ƙasusuwanta, aka baje su a gidan tarihi daga 1904 zuwa 1947. Sai a 1976, shekara ɗari cif bayan rasuwarta, aka mayar da su aka watsa tokar a teku.

Daga ɗakin karatu maganar ta shiga majalisa. A watan Yulin 1885 Jules Ferry, wanda ya jagoranci faɗaɗa mulkin mallakar Faransa, ya tsaya a majalisar dokokinsu ya ce jinsuna na sama suna da haƙƙi a kan na ƙasa, domin nauyin wayar da su na wuyansu. Martanin da Georges Clemenceau ya mayar masa na da daɗin ji. Ya tuna masa cewa bayan Jamus ta lallasa Faransa a yaƙin 1870, malaman Jamus ma sun fito da hujjojin kimiyya cewa dole Faransa ta sha kashi domin Bafaranshe ƙasa yake da Bajamushe, tun daga ranar shi yake taka-tsantsan da batun jinsi na sama da na ƙasa. Wanzami dai ba ya son jarfa. A Ingila, Firayim Minista Lord Salisbury ya yi jawabi a watan Mayun 1898 inda ya kasa al'ummun duniya gida biyu, masu rai da masu mutuwa, ya ce masu ran za su ci gaba da cin ƙasar masu mutuwar. Wata huɗu bayan haka, ranar 2 ga Satumba, a Omdurman ta Sudan, rundunar Kitchener ta kashe mabiya Mahadi fiye da dubu goma a safiya ɗaya, a ɓangarenta kuwa waɗanda suka mutu ba su kai hamsin ba. Aka rusa hubbaren Mahadi, aka zuba ƙasusuwansa a kogin Nilu, aka ajiye ƙoƙon kansa, sai da surutu ya yi yawa a Landan aka binne shi.

Ku duba yadda hujjar ke cin wutsiyarta. Me ya sa muka ci su? Don mun fi su. Me ya nuna mun fi su? Ai ga shi mun ci su. Bindigar Maxim ce ta yi aikin, amma sai aka rubuta nasarar a kan jini. Ranar da lissafin ya ƙi fita kuwa sai a gyara jadawalin. A ranar 1 ga Maris 1896 sojojin Sarki Menelik na Habasha suka ragargaza rundunar Italiya a Adwa, domin sun tanadi bindigogi na zamani kuma sun fi yawa. Maimakon a yarda tsanin ƙarya ne, sai wasu marubutan Turai suka fara cewa ai dama Habashawa ba baƙaƙe ba ne na haƙiƙa, fararen fata ne da rana ta ƙona.

Inda abin ya kai maƙura shi ne ƙasar da ake kira Namibiya yau, wadda Jamus ta mallaka daga 1884. Kabilar Herero makiyaya ne, dukiyarsu da mutuncinsu duk a shanu suke. Annobar shanu ta 1897 ta kashe musu yawancin garkunan, 'yan kasuwar Jamus suka bi su da bashi suna karɓe ragowar, baƙin manoma kuma suna ta mamaye makiyaya da rijiyoyi. A watan Janairun 1904 suka yi bore ƙarƙashin shugabansu Samuel Maharero, suka kashe Jamusawa fiye da ɗari. Sarkin Jamus ya aiko da Janar Lothar von Trotha, mutumin da ya ɗauki yaƙin a matsayin yaƙin jinsi da jinsi, wanda ba ya ƙarewa sai ɗaya ya shafe ɗaya. Bayan karon Waterberg a watan Agusta, ya kora su da matansu da 'ya'yansu da shanunsu cikin hamadar Omaheke, ya sa sojoji suka tsare bakin rijiyoyi. Ranar 2 ga Oktoba ya fitar da umarni a rubuce cewa duk ɗan Herero da aka gani a cikin iyakar Jamus a harbe shi, da makami ko babu. Kabilar Nama ma ta tashi, ita ma aka bi ta. Waɗanda suka tsira aka tara su a sansanonin aikin dole, mafi muni shi ne na wani tsibiri mai tsananin sanyi kusa da garin Lüderitz, inda yawancin waɗanda aka kai ba su fito da rai ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne, cikin Herero wajen 80,000 kimanin 65,000 suka mutu, cikin Nama wajen 20,000 kuma rabi.

Malaman kimiyya ba a gefe suke ba a wannan aiki. An riƙa cire kawunan waɗanda suka mutu a sansanonin ana aikawa jami'o'in Jamus don a auna. A 1908 wani masani mai suna Eugen Fischer ya je garin Rehoboth ya auna mutum wajen ɗari uku, zuriyar Turawa da matan ƙasar, launin ido, gashi, faɗin hanci, tsawon kai. A littafin da ya fitar a 1913 ya yanke cewa gauraya da baƙi na lalata Bature, su kuma ruwa biyun a kiyaye su gwargwadon amfaninsu kawai. Wannan Fischer shi ne ya zama shugaban babbar cibiyar nazarin jinsi da gado ta Berlin a 1927. Littafin da ya rubuta da abokansa biyu ya zama madogara ga 'yan Nazi, kuma cibiyarsa na da hannu lokacin da aka yi wa 'ya'yan da sojojin Faransa 'yan Afirka suka haifa da matan Jamus aikin hana haihuwa a 1937. Daga nan zuwa abin da Hitler ya yi wa Yahudawa ba nisa. Marubucin nan ɗan tsibirin Martinique, Aimé Césaire, ya yi nuni a 1950 cewa abin da ya girgiza Turai game da Hitler shi ne ya yi wa farar fata abin da aka saba yi wa wasu a ƙetare. Sai a 2011 wani asibitin jami'a a Berlin ya mayar wa Namibiya ƙoƙunan kai guda ashirin, sai kuma a 2021 gwamnatin Jamus ta amince da bakinta cewa kisan ƙare dangi aka yi.

Zuwa nan labarin na fari da baƙi ne, kuma kowa zai iya jin haushinsa cikin sauƙi. Sashen da ya fi shafarmu, kuma wanda ba a cika son taɓawa ba, shi ne cewa tsani ba mataki biyu gare shi ba. Yana da na tsakiya, kuma a kansu aka jera 'yan Afirka, wasu bisa wasu.

Dalilin shi ne Turawa sun shigo sun tarar da abin da jadawalinsu ya ce ba zai yiwu ba. Sun ga masarautu masu tsari, da biranen ganuwa, da alƙalai, da rubutu, da ƙira. Idan baƙin mutum ba ya iya gina komai, wa ya gina waɗannan? Sai suka waiwayi Ham ɗin nan da aka ce an la'anta, suka wanke shi, suka ce ai zuriyarsa wani reshe ne na farar fata da ya gangaro daga arewa maso gabas da shanunsa, ya mallaki baƙaƙe ya koya musu mulki. John Hanning Speke, mai neman mafarin kogin Nilu, shi ya baza wannan zato a littafinsa na 1863 game da masu sarautar yankin manyan tafkuna. A 1930 Farfesa Charles Seligman na Landan ya mayar da shi karatun jami'a a wani littafi da aka ci gaba da bugawa har 1966, inda ya jingina duk wata wayewar Afirka ga waɗannan Hamawa. Da wannan tabarau aka kalli komai. Gine-ginen dutse na tsohuwar Zimbabwe aka ce aikin Sarauniyar Saba ne ko wasu baƙi daga gabas, duk da cewa masu tonon tarihi sun nuna tun 1905, suka kuma sake nunawa a 1929, cewa 'yan ƙasa ne suka gina. A nan gida, Bajamushe Leo Frobenius ya je Ile-Ife a 1910, ya ga kyawun kawunan da aka ƙera a can, ya ce ba dai Yarbawa ba, sai dai ragowar wata tsohuwar daula da ake ce teku ta haɗiye.

A Arewa kuwa Fulani aka ɗora wa wannan rawani. Gwamna Lugga da matarsa Flora Shaw, wadda ta raɗa wa Najeriya suna, duka sun rubuta cewa mutanen yankin da ke bakin hamada sun fi na kurmi domin jininsu ya gauraya da na waɗanda ba baƙaƙe ba. A littafinsa na 1922, The Dual Mandate, Lugga ya kasa mutanen da yake mulka gida uku, ƙabilun da ya kira na farkon zamani, al'ummun da suka ci gaba, da 'yan bokon bakin teku da suka kwaikwayi Turawa, waɗanda ya fi ƙi duka. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya taso a kan da'awar gyara da littattafai da muhawarar malamai, sai aka rubuta shi a matsayin jinsi mai farin jini ya ci jinsi mai baƙin jini. Wannan karatun ba shi da wurin ajiye irin su Yakubun Bauchi, wanda ya karɓi tuta alhali ba Bafulatani ba ne, ko dubban talakawan Hausa da suka bi Shehu.

Kada wani ya ji daɗin yabon, domin ƙugiya ce a cikin tsoka. Lugga ɗin da ya ce Fulani sun iya mulki shi ne ya ce sun lalace sun koma zalunci, ba za a bar musu iko ba sai da mai sa ido. Bayan an ci Kano a watan Fabrairun 1903 da Sakkwato a watan Maris, ya tara manyan gari ya gaya musu cewa Fulani sun mulki ƙasar ne don sun ci ta da yaƙi, yanzu Ingila ta ci su, don haka duk abin da ke hannunsu ya koma hannunta. Farin jinin da aka ce suna da shi bai hana a bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi a kashe shi a watan Yulin shekarar ba, bai kuma hana a share garin Satiru daga doron ƙasa a 1906 ba. Matakin tsakiya amfaninsa ɗaya ne ga mai tsani, ya taka shi ya danne na ƙasa. Haka aka yi. A wurare da dama na tsakiyar ƙasar nan aka ɗora hakimai da ma'aikata daga masarautu a kan al'ummun da aka kira arna, har da waɗanda jihadi bai taɓa cin su ba, da hujjar cewa ba su kai matakin mulkin kansu ba. Masanin tarihi Moses Ochonu ya yi littafi sukutum a kan wannan a 2014. Duk mai son fahimtar ɗacin da ke cikin wasu rikice-rikicenmu na yau ba zai tsallake wannan babi ba.

Hausawa ma an ba su nasu lakabin. Bayan boren Indiya na 1857 hafsoshin Ingila suka ƙirƙiro ra'ayin cewa wasu ƙabilu da jinin yaƙi aka haife su, wasu kuma da na tsoro. A Legas, John Glover ya kafa wata 'yar runduna a 1863 daga bayin da suka gudo, aka riƙa kiranta Hausawan Glover, da irinta aka yaƙi Asante da Ijebu. Da yawa daga cikin sojojin ba ma Hausawa ba ne, harshen kawai suke ji, abin da ya kai su aikin kuma neman mafaka ne da abinci. Amma sunan ya zauna, tsoro da ƙiyayyar da rundunar ta shuka a garuruwan da ta shiga su ma suka zauna.

Gaskiya ne cewa labaran zuwa daga gabas ba Bature ne ya ƙago su ba. Muna da na Bayajidda daga Bagadaza, Yarbawa na da nasu, Barebari na da nasu. Amma a bakin kakanni labarin daraja ne da dangantaka da duniyar Musulunci. Jami'ai irin su H. R. Palmer, wanda ya fassara tarihin sarakunan Kano, su ne suka ɗauke su suka mayar da su shaidar jini.

Wanda ke ganin wannan tsohon zance ne ya dubi Ruwanda. Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, a tuddai ɗaya suke zaune, suna auratayya, kuma a da mutum kan iya sauya matsayi gwargwadon shanunsa. Jamusawa, daga baya 'yan Beljiyam, suka zo da littafin Speke a ka, suka ce Tutsi Hamawa ne daga Habasha, an halicce su don mulki. Suka auna hanci da tsawo, suka sauke sarakunan Hutu, suka fifita 'ya'yan Tutsi a makaranta, a farkon shekarun 1930 kuma suka rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida. Da guguwar neman 'yanci ta taso a ƙarshen shekarun 1950 sai suka juya suka koma bayan Hutu. Labarin da a jiya yake cewa ku ne masu daraja don daga waje kuka zo, yau ya koma ku baƙi ne ku koma inda kuka fito. A 1992 wani ɗan siyasa, Léon Mugesera, ya faɗa a bainar jama'a cewa za a mayar da Tutsi Habasha ta cikin kogin Nyabarongo. A 1994 aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari, katin shaidar nan ake dubawa a shingayen hanya, kogin kuma ya ɗauki gawawwaki.

Tun da farko akwai waɗanda suka ƙi yarda, kuma ba duka Turawa ba ne. Africanus Horton, ɗan Saliyo mai tushen Ibo, wanda ya yi karatun likita a Edinburgh, ya fitar da littafi a 1868 yana rusa da'awar masu auna kawunan Landan da irin iliminsu. Anténor Firmin ɗan ƙasar Haiti ya buga nasa a Paris a 1885, shekarar jawabin Ferry, kan daidaiton jinsunan mutane, aka yi kamar ba a gani ba. A Amurka Franz Boas ya auna baƙin haure da 'ya'yansu fiye da dubu goma sha bakwai a New York, ya nuna cewa siffar kai, wadda aka ɗauka hatimin jinsi ce da ba ta sauyawa, tana sauyawa tsakanin uba da ɗansa idan abinci da muhalli suka sauya. A 1972 Richard Lewontin ya lissafa cewa wajen kashi 85 cikin ɗari na bambancin ƙwayoyin gado na 'yan Adam a cikin kowace al'umma yake, tsakanin mutum da maƙwabcinsa, abin da ke raba manyan jinsunan da ake magana ɗan kaɗan ne.

Batun Hamawa kuwa ta hanyar harshe aka karya shi, kuma da hannun wanda ya san mu. Bajamushe Carl Meinhof ya buga littafi a 1912 inda ya tara Fulatanci da harshen Masai da na Nama a gida ɗaya ya kira su harsunan Hamawa, kuma idan ka duba za ka ga abin da ya haɗa masu su shi ne kiwon shanu da siffar jiki. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939 ya koyi Hausa, ya ce a ajiye shanu da hanci a gefe, a kwatanta kalmomi da nahawu kawai. Da aka yi haka, a jerin maƙalun da ya fara a 1949 ya kammala da littafinsa na 1963, sai Fulatanci ya fito ɗan uwan Serer da Wolof na Senegal, cikin babban gidan da ya haɗa da Yarbanci da Ibo. Hausa kuma ta faɗa gidan harsunan yankin Chadi, inda 'yan ɗakinta na kusa su ne Gwandara, da Bolanci, da Tangale, da Angas da Ron na tsaunukan Filato, harsunan mutanen da jadawalin Lugga ya ajiye a matakin ƙarshe.